Yadda Za Ka Zaɓi Gem Mai Haɗa Tsalle-tsalle Da Dambe

In kai mutum ne da ba ka iya zaman gem ɗin tsalle zalla, kuma na duka zalla ma yana gundurarka bayan 'yan stej kaɗan, to akwai waɗanda suka haɗa biyun, amma fa ba duka ne suka iya haɗin ba. Abin da za ka fara dubawa shi ne ko bugun da kake yi wa abokan gaba shi ne kuma yake taimakonka wajen hawa da tsallake rami. In dambe daban tsalle daban, kamar an liƙa su da gam ne, ba za ka daɗe kana jin daɗinsa ba.

Fara da Guacamelee!, na kamfanin DrinkBox na Kanada, ya fito a 2013. Kai ne Juan, manomi a Meziko da ya zama ɗan kokawa mai rufe fuska. Duba yadda suka yi, naushin sama da ake ba ka, da shi za ka ɗaga abokin gaba sama ka ci gaba da jibgarsa a iska, da shi za ka fasa jan bulo da ya tare hanya, kuma da shi za ka ƙara tsawon tsalle in dandamalin ya yi maka nisa. Can gaba sai ka ga kwarangwal sun zo da garkuwa mai launi, ja ko kore ko ruwan ɗorawa, kuma ba za ta fashe ba sai da bugun da ya dace da launinta, ga shi kana sauyawa tsakanin duniyar rayayyu da ta matattu kana tsakiyar tsalle, wallahi yatsu sai sun gaya maka. Shawarata duk sabon bugu da ka samu ka tsaya a wurin ka maimaita shi har hannunka ya saba, kar ka yi gaba da sauri. In kana da abokan wasa sai ku nemi na biyu, na 2018, mutum huɗu za su iya bugawa tare.

In waya kawai gare ka, Dan the Man na Halfbrick, masu Fruit Ninja, zai yi maka. Kyauta ne amma akwai talla. Kuɗin da kake tarawa a ciki ka fara zuba su wajen ƙara salon duka, ka bar kayan ado tukuna. Kuma in da hali sayi fad, wato abin buga gem na riƙewa a hannu, mai bulutut, don danna gilashi yana sa mutum faɗawa rami ba gaira ba dalili.

Masu PS2 a gida ko a gidan gem su nemi Viewtiful Joe na Capcom, ya fara fita a GameCube a 2003 kafin ya zo PS2 a 2004. Sirrinsa kauce wa hari, in ka kauce sai abokin gaba ya rikice, nan ne za ka kunna Slow, ƙarfin da ke rage saurin komai, ka narka masa. Amma sa ido a kan mitar VFX, wadda Slow ɗin ke ci, tana ƙarewa jaruminka Joe ya koma mutum gama-gari.

Battletoads na 1991 kuwa, kar ka fara da shi don Allah. Damben akwai daɗi, amma stej na uku, Turbo Tunnel, inda kake gudu a kan babur kana kauce wa bango, ya sa mutane da yawa ajiye fad, kuma in ku biyu ne kuna iya dukan juna bisa kuskure, daga nan sai faɗa ya dawo ɗaki.

Za ka ji ana ta yabon Streets of Rage 4, eh gem ne mai kyau sosai, sai dai duka ne zalla, tsallen hawa babu shi. In hawan ya fi damunka kuma kana da na'ura mai ɗan ƙarfi to Prince of Persia: The Lost Crown na Ubisoft, na 2024, za ka nufa, sai ka shiga saitin ka sassauta lokacin da ake ba ka na kare sara har ka gane yadda bos-bos ɗin, wato manyan abokan gaba, suke kai hari, daga baya ka mayar da shi yadda yake.