Yadda na rabu da tsatsar ƙofar motata

Alhamdulillah, yau hankalina ya kwanta. Tsohuwar Corolla ɗina ce ƙasan ƙofar direba ke ta kumbura, sau 2 ana fenti tsatsa na dawowa, na ɗauka gishirin da ake zubawa a titunan Turai ne ya ci bodin tun kafin ta iso Kano.

Ashe ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofar ne ƙurar hunturu ta toshe, damina na zuwa ta zama taɓo a ciki. Muka cire katifar ƙofar, na zura waya na buɗe ramukan, muka wanke ta, muka bar ta kwana 2 a rana. Sai samfefa lamba 80 har ƙarfe ya yi fari tas, sannan firaima (shafin farko kafin fenti), bodifila (abin cike inda ya lotsa), fenti, ciki kuma muka shafe da giris.

Damina ta wuce ko ɗigon tsatsa babu. Allah ya saka wa mai gyaran bodina.