Yadda za ka janye ƙaninka daga cacar ƙwallo

Sana'ata aika kuɗi da sayar da kiredin salula, a wani ɗan kiyos kusa da kasuwar Wadata a Yamai. Mai irin wannan aiki ya kan san halin aljihun unguwa, don ta hannunsa kuɗin ke wucewa. Abin da ke cikin rubutun nan a 2020 na koye shi, shekarar korona, kuma na rubuta shi ne don wanda ke da ƙane ko ɗa ko miji da pari, wato cacar wasanni, ya riƙe.

A watan Maris na shekarar wasan ƙwallon Turai ya tsaya cak. Espanya ta dakatar da gasarta ranar 12, Ingila ranar 13, Faransa kuwa daga baya ta rufe kakar gaba ɗaya ta ba PSG kofi. Tseren dawakin Faransa da dattawan PMU, gidan cacar tseren doki, ke bugawa shi ma ya tsaya har 11 ga Mayu. A nan gida an samu mutum na farko mai cutar ranar 19 ga Maris, kafin watan ya ƙare an kafa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, an killace Yamai, an rufe masallatai. Iyaye suka ce to, ko ba komi yara za su huta da caca.

Wasu sun huta ɗin. Wanda dama dala ashirin yake sawa ranar Lahadi don wasan Real da Barsa ya ƙara armashi, da wasa ya tsaya shi ma ya tsaya. Amma akwai waɗanda zuwansu wurina ya ƙaru. Sun koma gasar Belarus da ba a dakatar ba, da ta Nikaragwa da Burundi da Tajikistan, da ƙwallon tebur na Rasha da ake bugawa har tsakar dare. Da waɗannan suka yi masu jinkiri sai suka faɗa ƙwallon da na'ura ke bugawa da kanta, wanda cikin ƴan mintoci an fara an gama, da wasannin kazino na cikin salula. Yaron da ba zai iya nuna Belarus a taswira ba ya tsaya gabana yana rantsuwa cewa Dinamo Brest ba za ta faɗi a gida ba. A Birtaniya an yi bincike kan masu yin pari a kai a kai a lokacin kullen farko, aka ga kusan ɗaya cikin shida ya shiga wata sabuwar caca da bai saba yi ba, kuma su ne suka fi faɗawa cikin matsala. Abin da na gani ta tagar kiyos ke nan. Wanda caca ta kama ba ƙwallo yake so ba, bugun zuciyar nan yake nema tsakanin sa kuɗi da fitar sakamako. Saboda haka hana shi kallon wasa ba ya warkar da shi. Hanyar kuɗin ake tarewa, a kuma cike masa lokutan da yake bugawa.

Fara da tabbatar da inda abin ya kai. Yawan kuɗin da ya sa ba shi ne ma'auni ba, don jaka ɗaya ga ɗan kabu-kabu ta fi jaka 20 ga babban ɗan kasuwa. Ka lura da sauyin hali. Ya bar wasan ƙarshen mako ya koma wasanni masu sauri? Yana kwana da salula a hannu? In ya faɗi yana komawa nan take don ya rama? Wannan ramawar ita ce babbar alama. A wurina ina gane ta da mutum ya zo da safe ya sa dala ɗari, azahar ya sa jaka, bayan magariba ya dawo da jaka 3 fuska a murtuke ba ko gaisuwa. Akwai tambayoyi biyu da masu aikin lafiya ke amfani da su: ka taɓa jin dole ka ƙara yawan kuɗin da kake sawa, kuma ka taɓa ɓoye wa naka gaskiyar abin da ka buga? In ɗaya ta samu amsar e, abin ya wuce nishaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, sahu ɗaya da sauran abubuwan da ke kama mutum ya kasa bari.

Kada ka tare ƙanin naka a gaban fada, kada kuma ka fara da kai ƙara wurin Baba. Kunya ita ke ciyar da caca, don wanda aka tozarta ɓoyewa yake ƙarawa. Ka kira shi ku biyu, bayan ya ci abinci, ba a daren da ya faɗi ba. Wa'azi ma kada ya zama farkon maganarka. Ya san haramun ce, ya ji ayoyin Suratul Ma'ida tun yana makarantar allo, kuma sanin nan yana cikin abin da ke hana shi barci. Lokacin malam zai zo, amma sai ya amince da kai tukuna.

Abin da za ku yi a zaman farko lissafi ne. Ɗan caca yana riƙe ranar da ya ci jaka 40 har da sunan wanda ya jefa ƙwallon, amma ɗari biyar ɗari biyar ɗin da suka zube ba ya tuna su. Ku buɗe saƙonnin da kamfanin salula ke turowa duk lokacin da kuɗi ya fita ko ya shigo, da tarihin da ke cikin manhajar parin. Ku ɗauki wata uku, takarda ɗaya layi biyu, abin da ya sa da abin da ya cire. Shi zai riƙe biro, shi zai tara. Kai ka yi shiru. In adadin ya fito daga bakinka zai yi gardama, in daga hannunsa ya fito ba shi da wanda zai musa wa.

Daga nan zai ce maka: "Yaya, ai wasa ɗaya ne kullum ke ɓata mini kupon." Nan ne za ka dakata ka yi masa bayani a hankali, don wannan magana ita ke riƙe da yawancinsu. A ce ya haɗa wasa 10 a kupon ɗaya, wato takardar pari da sai duk wasannin cikinta sun fito ake ci, kowane yana da damar fitowa 6 cikin 10, wato zaɓi mai kyau ƙwarai. Damar duka goman su fito tare wajen 6 ce kawai cikin 1000. Faɗuwa da wasa ɗaya ko biyu kuwa abu ne da zai yi ta faruwa, shi ya sa kullum yake jin saura kaɗan. Ga kuma rabon kamfani da ke ɓoye cikin kot, wato adadin da ake ninka kuɗinka da shi in ka ci. Ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, kot na adalci 2.00 ne, sai a ba ka 1.90. Kashi 5 cikin 100 ya tafi tun ba a busa usur ba. In ka jera wasa 10 masu irin wannan ragi, abin da ake zaftarewa ya kai kusan kashi 40. Wannan ne dalilin da ya sa ake ta tallar babban kupon da kyautar ƙari. Na'urar da ke buga ƙwallo da kanta kuwa ba ta da ɗan wasa mai rauni ko koci da za ka nazarta, an tsara ta ne ta mayar da ƙasa da abin da ta karɓa. Masu sayar da "wasan da aka shirya" a WhatsApp da Telegram, ka tambaye shi abu ɗaya: wanda ya san sakamako tabbas, me zai yi da jaka biyunka?

Sai tare hanyar kuɗi, kuma nan ne aikin yake. Alkawarin baki ba ya tsayawa gaban salula mai kuɗi a ciki da ƙarfe 1 na dare. Da yardarsa, kuɗinsa su bar hannunsa na ɗan lokaci. In mai albashi ne, ranar da aka biya ku je tare a biya haya, a sayi buhun shinkafa ko hatsi, a biya ruwa da kuran, saura ya zauna wurin wanda ya amince da shi yana karɓar na kashewa kullum. In ɗan kabu-kabu ne ko mai tebur, cinikin yini ya shiga adashe ko hannun Inna kafin magariba. Asusun salula ya zauna ba komi a ciki. Ku goge manhajar tare, ku nemi kamfanin ya rufe asusun, ya fita daga rukunonin masu hasashe, don goge manhaja kaɗai aikin minti biyu ne a dawo da ita. Wanda abin ya yi wa nisa, ya koma ƙaramar salula mai maɓalli na wata biyu ko uku. Ku kuma je wurin irinmu masu kiyos na unguwa, shi da bakinsa ya ce kada a ƙara sa masa. Da yawanmu za mu riƙe wannan amana, don mun san gidajen da kuɗin ke fitowa.

Maganar bashi tana son taurin zuciya. Kada ka miƙa masa kuɗi ya je ya biya, domin a hanya zai ga damar ninka su. Ya rubuta duk wanda ke bin sa, kai ka je ka ga mutanen, a tsara biya kaɗan kaɗan daga guminsa. Na ga gidan da uwa ta sayar da tunkiyarta ta share bashin ɗanta a rana ɗaya, kafin wata ya zagayo sabo ya taru. In dole ka taimaka, ka biya mai bashin hannu da hannu, ka gaya wa ƙanin naka sau ɗaya ne.

Abin da kullen korona ya yi wa yaran nan shi ne ya kwashe masu fada da fili da jam'in masallaci ya bar su da dogon dare da salula. Kai akasin haka za ka yi. Tsakanin isha'i da tsakar dare kada ya zauna shi kaɗai. In fadarsu ta ƴan kupon ce, inda hira ba ta wuce kot, ya sauya wurin shan shayi ko da abokai za su ji haushi. Ka ja shi ya buga ƙwallo da ƙafarsa da la'asar, ya gaji ya yi barci. Kallon wasa kuwa ya danganta da mutum. Wani yana iya kallo in salularsa na aljihunka, wani sai ya ƙaurace wa gidan kallo na ɗan lokaci saboda tallar pari da ke kan rigunan ƴan wasa da gefen fili.

Zai iya komawa, musamman a watan Agusta da gasannin Turai ke buɗewa, ko lokacin kofin Afirka, ko ranar da kuɗi mai kauri ya shigo hannunsa. In ya zo da kansa ya faɗa maka, kada ka yi masa tsawa, don in ka yi ba zai sake faɗa ba. Ku duba ta wace ƙofa kuɗin suka fita ku toshe ta.

Akwai inda ƙoƙarin gida ke ƙarewa. In ya daina cin abinci da barci, ko ya haɗa da tramol, ko ya fara ɗaukar kayan mutane, ko ka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, kada ka ɗauke ta maganar ɓacin rai. Masu wannan cuta sun fi sauran mutane yunƙurin kashe kansu, kuma bashin da aka ɓoye ne ke kai su can. Kada a bar shi shi kaɗai a daren nan. Washegari ka kai shi likita da kanka, ko asibitin unguwa su tura ku gaba, ko kai tsaye sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, kuma ka shiga tare da shi ka faɗa wa likitan maganar cacar da ta bashin, don shi da wuya ya faɗa.