Yadda Ake Ɗora Mazaunin Kibiya a Bakan Rikaf da Yadda Ake Daidaita Shi

Wanda ya san bakan maharban ƙasar Hausa ya san cewa kibiyar kyauro a kan hannun maharbi take kwanciya kafin a sake ta. Bakan da ake kira rikaf, wato wanda ƙarshensa na sama da na ƙasa suka lanƙwasa suka fuskanci gaba, ba haka aka yi shi ba. An yanke masa taga a jikin mariƙi, a ƙasan tagar kuma akwai wata 'yar kanta da ake shimfiɗa wa fata ko gashi, a nan kibiya take kwanciya. Yawancin masu harbin gargajiya a Amurka da Turai daga kan wannan kanta suke harbi. Sai dai akwai wata hanya, ita ce a manna wani ƙaramin mazauni na roba ko na waya a bangon tagar, sama da kantar kaɗan, domin kibiya ta hau kansa. Manna shi bai fi aikin minti biyar ba, amma duk wanda ya manna shi ya canza wurin da kibiyarsa take tashi, don haka dole ya sake daidaita bakan gaba ɗaya, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin sakaci.

Babban dalilin ɗaga kibiya daga kanta shi ne gashin da ke gindinta. Gashin tsuntsu yana kwantawa idan ya gogi kanta, ya wuce ba tare da ya karkatar da kibiya ba, amma da zarar ruwan sama ya jiƙa shi sai ya manne, ya daina aikinsa. Gashin roba bai damu da ruwa ba, yana daɗewa, ga kuma araha, sai dai ba ya kwantawa. Idan ya bugi kanta sai ya cilla gindin kibiya sama ko gefe, ta tafi tana rawa. Mazaunin yana ba gashin roba sararin wucewa. Dalili na biyu shi ne wurin da kibiya take taɓa baka yana raguwa ya koma ɗan ɗigo, kuma idan wurin taɓawa ya ƙanƙance, ƙananan kurakuran hannu ba sa bayyana sosai a tafiyar kibiya. Masu cewa mazauni yana cire baka daga sahun gargajiya sun manta cewa bakunan gasa na itace da aka yi a Amurka a shekarun 1960 da mazauni ake harba da yawa daga cikinsu. Abin da yake gaskiya cikin ƙorafinsu shi ne kibiya tana yin nisa da hannu, kuma wanda ya saba auna abin hari da ido kawai, yana karkata baka, zai ɗauki 'yan makonni kafin ido da hannu su sake sabawa.

Iri biyu ne suka fi dacewa da bakan itace. Akwai Bear Weather Rest na kamfanin da Fred Bear ya kafa, wanda robarsa take da taushi da kauri, ba ta ƙara, kuma hannunta ya ɗan lanƙwasa yadda kibiya ba ta saurin zamewa. Mafarauta sun fi son sa. Akwai kuma Hoyt Super Rest, farar roba siririya mai huda a tsakiya, wadda duk da arharta har gwanayen gasar Olamfik sun yi amfani da ita. Masu hannun waya da maganaɗisu, irin na kamfanonin Shibuya da Spigarelli, sun fi dacewa da mariƙin ƙarfe mai hudar maɓalli, wato hudar da ake ɗaura ɗan maɓalli mai sifirin da gefen kibiya yake jingina da shi, kuma a ganina ɓarnar kuɗi ce a sa su a bakan farauta. Kowane iri yana da na mai jan tsirkiya da dama da na bahago, saboda haka a duba kafin a biya. Bayanin da zai biyo baya na mai ja da dama ne. Bahago sai ya juya hagu ta koma dama.

Kafin a ɓare takardar gam, a fara da neman wurin da ya dace. A ɗaura tsirkiya, a riƙe baka a tsaye, a nemo inda mariƙi ya fi zurfi, wato maƙogwaron da tsakanin babban yatsa da manuniya yake zama. Wurin da kibiya za ta taɓa mazauni ya kamata ya kasance daidai saman wannan maƙogwaro. Hikimar ita ce a nan baka yake juyawa idan hannu ya murɗa shi, kuma abin da ke kan wurin juyawa shi ne ya fi ƙarancin motsi. Idan aka kai mazaunin gaba ko baya da yawa, kowace 'yar murɗa sai ta zama kaucewar kibiya. Idan bakan yana da hudar maɓalli, kamar Samick Sage, an riga an hutar da mai shi, domin tsakiyar kibiya kawai zai daidaita da tsakiyar hudar. Idan babu huda, a ɗaga mazaunin kimanin rabin inci daga kanta, wato milimita 12 zuwa 15, sannan a ɗora kibiya a tura ta gaba a hankali a ga ko gashin ƙasa zai wuce bai taɓa komai ba. Kada a ƙara tsawo fiye da bukata, domin kowace milimita da aka ƙara tana ƙara raba kibiya da hannu.

Idan an gamsu da wurin, a sa alama da fensir ko guntun salatif. A cire fatar da ke bangon tagar, a kankare tsohon gam da farce, a goge wurin da sifirit, a bari ya bushe. Shimfiɗar kanta kuwa ana iya barin ta, tana ma rage ƙara idan kibiya ta faɗo. A manna mazaunin yadda hannunsa zai miƙe, bakinsa ya ɗan kalli sama kaɗan domin kibiya ta riƙa jingina da bango, a danna shi da babban yatsa kamar rabin minti, kuma ya fi kyau a bar shi ya kwana kafin a fara harbi. Hannun bai kamata ya zarce kaurin kibiya da yawa ba. Abin da ya yi saura a waje shi ne gashi yake kamawa, don haka a rage shi da almakashi kaɗan-kaɗan, ana gwadawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a manna mazauni a bar alamar tsirkiya, wato ɗan ƙullin da yake nuna inda gindin kibiya zai zauna a jikinta, inda take a da. Tunda kan kibiya ya hau sama da rabin inci, gindinta ma dole ya hau, in ba haka ba za ta tashi gindi a ƙasa, ta daki mazaunin, ta yi ta sunkuyo da ɗagowa har ta isa. A sa ma'aunin tsirkiya mai siffar harafin T, a kwantar da hannunsa a kan mazaunin ba tare da an danne shi ba, sannan a ɗaura alama da zare. Mai sa yatsa ɗaya a sama biyu a ƙasa yana iya farawa da milimita 6 zuwa 10 sama da layin ma'auni, mai sa yatsu uku a ƙasan kibiya kuma yakan bukaci fiye da haka, kusan milimita 12. Waɗannan mafari ne kawai. Na fi son yin alamar da zare maimakon zoben tagulla a wannan mataki, domin ƙullin zare ana iya murza shi ya hau ko ya sauka a kan naɗin tsirkiya ba tare da an nemo filaya ba.

Bayan haka sai a duba karkatar kibiya zuwa gefe. A jingina bakan, a ɗora kibiya, a tsaya a bayansa, a rufe ido ɗaya, a daidaita tsirkiya da tsakiyar reshen sama da na ƙasa. Tsinin kibiya ya kamata ya ɗan leƙo ta hagun tsirkiya, kamar rabin kaurin kibiyar ko cikakkensa. Ba a so ya tsaya daidai tsakiya, domin tsirkiyar da aka saki da yatsu ba ta tafiya a miƙe. Tana zamewa daga yatsu ta gefe, kibiya ta lanƙwashe kamar maciji yayin da take barin baka. A nan kaurin mazauni yake da tasiri. Wasu bakunan an yanke tagarsu ta wuce tsakiya, waɗannan suna ɗaukar mazauni mai kauri, har a wani lokaci sai an ƙara masa gam mai soso a baya. Wasu kuwa yankan bai kai tsakiya ba, kuma idan aka ƙara musu kaurin roba sai tsinin ya fita hagu sosai, kibiyar da a da take tafiya lafiya ta koma kamar ta yi tauri.

Gwajin da zai bayyana gaskiya shi ne harbi da kibiya marar gashi. A ɗauki kibau uku masu gashi da biyu marasa gashi, duka tsawo ɗaya, nauyin tsini ɗaya, a tsaya kamar mita 10 daga abin hari, a harba su duka wuri ɗaya, a maimaita sau da yawa, domin harbi ɗaya ba ya zama hujja. A fara da sama da ƙasa, a bar hagu da dama tukuna. Idan marasa gashi suna sauka sama da masu gashi, alamar tsirkiya ta yi ƙasa, a ɗaga ta. Idan suna sauka ƙasa, ta yi sama, a sauke ta. Kowane gyara kada ya wuce milimita 1 ko 2. Wani abu yana ruɗar masu koyo a nan: alamar da ta yi ƙasa ƙwarai tana sa gindin kibiya ya daki mazauni ya yi tsalle, sai ta yi kama da wadda ta yi sama. Maganinsa shi ne a fara daga sama ana saukowa.

Idan sama da ƙasa sun daidaita, sai a koma gefe. Marasa gashi da suke sauka hagu suna nuna kibiya ta yi wa bakan tauri, waɗanda suke sauka dama kuma suna nuna ta yi laushi. Lambar da ake rubutawa a jikin kibiyar kabon, irin 400 ko 500 ko 600, awon lanƙwasarta ce idan aka rataya mata nauyin giram 880 a tsakiya, saboda haka babbar lamba tana nufin kibiya mai laushi. Kafin a sayi sababbi, akwai gyare-gyare masu sauƙi. Kibiyar da ta yi tauri ana tausasa ta da tsini mai nauyi, misali a tashi daga mai giren 100, wato kusan giram 6 da rabi, zuwa mai giren 125, ko a rage kaurin gam da ke bayan mazauni. Wadda ta yi laushi ana rage mata nauyin tsini, ko a ƙara kauri a bayan mazauni, ko a yanke tsawonta kaɗan, sai dai yanka shi ne na ƙarshe tunda abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma kibiyar da ta gaza tsawon jan maharbi tana iya faɗowa a kan hannunsa. Idan marasa gashi sun shiga cikin masu gashi a mita 10, a ja baya zuwa mita 18 a sake gwadawa. Tazarar tsirkiya da mariƙi ma tana da hannu a ciki. A bakan inci 60 zuwa 62 takan kasance tsakanin inci 7 da rabi da inci 8 da rabi, kuma ana ƙara ta ko rage ta da murɗa tsirkiya har a sami inda ƙara ta fi raguwa.

Don a tabbatar gashi ba ya taɓa komai, a shafa jan-baki a gefen gashin, ko a barbaɗa hoda a kan mazauni da kanta, a yi harbi ɗaya, a duba inda aka bar sawu. A ka'ida gashin da launinsa ya bambanta waje yake kallo, amma idan sawun ya nuna ana gogayya, a murza gindin kibiya kaɗan a sake gwadawa.

Masu koyo sukan yi kukan cewa kibiya tana faɗowa daga mazauni tun ana cikin ja, kuma mafi yawan lokaci laifin yatsu ne. Wanda ya kama tsirkiya da kan yatsu, sannan ya dunƙule su yana ja, yana murza tsirkiyar ta yadda za ta ture kibiya waje. A sa tsirkiya a gaɓar farko ta yatsu tun daga fari, a bar bayan hannu a sake, kada a matse gindin kibiya tsakanin manuniya da ɗan tsakiya. Karkata kan baka kaɗan zuwa dama yana taimakawa, amma a riƙe karkata iri ɗaya kullum, domin yanzu da kibiya ta yi nisa da hannu, sauyin karkata yana kautar da ita fiye da da.

Mazaunin roba abu ne mai ƙarewa: hannunsa yana cinyewa, yana sunkuyawa, kuma zafin mota da aka rufe a rana yana narkar da gam har ya zame ba a lura ba. A zagaye shi da fensir bayan an gama daidaitawa, domin a gane idan ya motsa, kuma domin sabo ya zauna daidai inda tsohon yake. A kuma ajiye guda ɗaya a cikin kwari. Mai niyyar shiga gasa ya karanta dokokin ajin da zai shiga kafin ya manna komai: a ƙarƙashin hukumar World Archery, ajin baka marar na'urar saiti ya yarda da mazauni da maɓalli mai sifirin, ajin dogon baka kuwa daga kanta ake harbi.