Yadda zaka je kallon fitowar rana a dutsen Uluru ba tare da ka yi abin kunya ba

Duk wanda Allah ya kai shi Ostareliya, ko karatu ko aiki ko ziyarar 'yan uwa, in har aljihu da ɗan nauyi to kar ya dawo bai leƙa Uluru ba. Dutse ne guda ɗaya tal, jawur da shi, zaune a tsakiyar hamada ba wani tsauni kusa da shi, tsayinsa mita 348 daga ƙasa, zagayensa kuma kilomita 9.4. Turawa sun daɗe suna kiransa Ayers Rock, sunan da wani Bature William Gosse ya laƙa masa a 1873, amma masu abu wato mutanen Anangu Uluru suke ce masa tun kaka da kakanni, kuma a wajensu wuri ne mai tsarki ba wajen shaƙatawa ba. Ka riƙe wannan tun yanzu don duk dokokin da zaka tarar a can daga nan suka samo asali.

Maganar zuwa tukuna. Wurin yana jihar da ake kira Northern Territory, kuma akwai ƙaramin filin jirgi daf da garin Yulara, daga Sidni ko Melbon tafiyar awa uku ce da ɗan wani abu. Wasu suna sauka a Alice Springs su ɗauki mota suna zaton kusa ne, ina! Kusan kilomita 450 ne fa, ka lissafa rabin yini a hanya. A Yulara kowa yake kwana, otal da wajen kafa tanti da kanti duk suna nan, don ba a yarda a kwana cikin gandun dajin da aka keɓe inda dutsen yake ba, da dare rufe ƙofa ake yi. Ka kama ɗaki tun da wuri musamman in tsakanin Mayu da Satumba zaka je, lokacin ne kowa ke tururuwa kuma garin ba shi da girma, farashi ba tausayi.

Lokacin nasu a juye yake da namu. Yuni da Yuli ne hunturunsu, da asuba sanyi yana iya kaiwa ruwa ya daskare, shi kuwa Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da yake haura digiri 40. Ni dai in ka tambaye ni ka je da sanyin. Rana bata fitowa sai wajen bakwai da rabi a Yuni, kaga ka samu barci, a Disamba kuwa kafin shida ta fito, wato motar ɗaukarku ƙarfe huɗu da wani abu zata tsaya a ƙofar otal tana jira, kuma direbobin nan basu san wani abu wai shi "gani nan fitowa" ba, in lokaci ya yi tafiyarsu suke yi.

Sai tikitin shiga gandun. Daban yake da kuɗin jagora, na kwana uku ne kuma ana saya ta intanet, yara 'yan ƙasa da shekara 18 basa biya. Wani kamfanin yana haɗa shi cikin kuɗin yawon wani baya haɗawa, don haka ka tambaya kafin ka biya kar ka je bakin ƙofa cikin duhu ana jiranka kana lalube a waya.

Wajen zaɓen jagora kuwa anan nake so ka nutsu. Akwai masu babbar bas da zasu kwashi mutum arba'in ko hamsin su sauke ku a wajen kallo, a baku shayi da biskit, rana ta fito ku ɗau hoto a mayar da ku otal kafin hantsi. Ba laifi, amma gaskiya ka yi asarar tafiya. Fitowar ranar kanta minti goma ce zuwa sha biyar, abin da ya cancanci kuɗinka shi ne tafiyar ƙafa a gindin dutsen bayan nan tare da wanda ya san labarin wurin. Ka nemi ƙaramar tawaga, ka tambaye su kai tsaye: bayan rana ta fito ina zamu taka? In sun ambaci hanyar Mala ko hanyar Kuniya ko zagayen dutsen gaba ɗaya to ka samu na gari. In ka dace da wanda ɗan Anangu ne ke jagoranta da kansa, wannan ma ba a magana. Akwai ma masu kai mutum a kan raƙumi, don ƙasar cike take da raƙuma tun waɗanda aka shigo da su a ƙarni na 19 tare da masu kiwonsu Musulmi da ake kira Afgan, amma raƙumi daga nesa zai tsaya da kai, kuma mu raƙumi ba baƙonmu bane balle mu biya dala don mu hau.

Daren tafiya ka haɗa jakarka ka ajiye bakin ƙofa. Rigar sanyi mai kauri wadda zaka iya cirewa in rana ta ɗaga, hula mai faɗi, kambas mai rufe ƙafa ba silifa ba, ƙaramar tocila, da ruwa. Ƙa'idar da ma'aikatan gandun ke faɗa ita ce lita ɗaya duk awa ɗaya ta tafiya, kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne na saba da rana, iskar wurin busasshiya ce kamar tsakiyar hunturu, tana shanye ruwan jikinka baka ga zufa ba. Sannan in da zafi zaka je ka sayi ragar nan da ake sawa a kai ta rufe fuska saboda ƙuda. Da farko dariya na yi da na ga Turawa da ita kamar masu ɗiban zuma, rana na ɗagawa na gane ni ne abin dariyar, ƙudajen wurin basa cizo amma ido da hanci da baki suke nema, ka kore su su dawo kamar ka ci musu bashi.

Batun sallar asuba, ka duba lokacinta a wayarka tun dare, yawanci alfijir yana ketowa kana shirin fita ko kana cikin mota, don haka ka yi alwala a ɗaki ka ɗauki 'yar dardumarka, in an sauke ku a wajen kallon akwai sauran lokaci kafin rana ta fito, ka koma gefe ka yi abinka ba mai ce maka komai. Abin da zai ruɗe ka shi ne alƙibla. Mu da muka saba cewa a kalli gabas, a can yamma zaka fuskanta ka ɗan karkata arewa, wato rana zata fito ta bayanka kenan.

Wajen da aka fi tsayawa kallon fitowar ranar sunansa Talinguru Nyakunytjaku, kar sunan ya tsorata ka, ma'anarsa wurin kallo daga kan tudun rairayi. Akwai dandamali na sama inda kowa ke cunkusuwa, ni shawarata ka bi ɗaya daga ƙananan hanyoyin ƙasa ka samu inda ba hayaniya. Da farko dutsen baƙi ƙirin zaka gan shi kamar an kifa ƙaton akushi a sararin Allah, sai ya koma ruwan toka, sai ruwan goro, can rana na leƙowa sai kawai ya kama ja kamar garwashin da aka hura, har ramuka da layukan jikinsa su fito ɗaya bayan ɗaya. Jan nan ba komai bane illa tsatsa, akwai ƙarfe a cikin dutsen da iska da ruwa suka ci, ainihin cikinsa ruwan toka ne, zaka ga hakan a cikin wasu koguna. Ka ɗau hoto biyu uku ka mayar da wayar aljihu don Allah, mutane da yawa ta cikin gilashin waya suke ganin abin har ya wuce.

Yanzu ladubban wurin. Ba a hawa, an gama wannan zancen. Gwamnati ta mayar wa Anangu ƙasarsu ranar 26 ga Oktoba 1985, su kuma suka bayar da ita haya na shekara 99 ana tafiyar da gandun tare da su, amma duk da haka shekara da shekaru suna roƙon baƙi su daina hawa ba a ji ba, har suna kiran masu hawan minga wato tururuwa saboda yadda suke jeruwa a jikin dutsen, kuma sama da mutum 30 sun mutu a wajen hawan. Sai ranar 26 ga Oktoba 2019 aka rufe hanyar kwata-kwata. In kana zagayawa zaka riƙa ganin alluna da ke cewa kar a ɗau hoto a nan, musamman ta ɓangaren arewa maso gabas. Ba wai tsaurin banza bane, a al'adarsu da suke kira Tjukurpa akwai wuraren maza zalla akwai na mata zalla, kuma siffar dutsen a wurin kamar rubutu ce da ba kowa aka yarda ya gani ba, in ka watsa a Facebook wanda bai kamata ba zai iya cin karo da shi. Kai baka yi imani da abin da suka yi imani da shi ba, ni ma haka, amma gidan mutane ka zo. Haka kar ka ɗauki hoton ɗan Anangu sai ka nemi izini, kar ka tashi jirgin nan mara matuƙi, kar ka nufi ƙauyen Mutitjulu don ba a shiga sai da takarda, kuma kar ka sa ko tsakuwa ɗaya a aljihu da sunan tsaraba. Ofishin gandun har yau yana karɓar duwatsun da mutane ke aikowa ta gidan waya da wasiƙar ban haƙuri. Gaisuwarsu palya, ka riƙe ta zata yi maka amfani.

Hanyar Kuniya gajeriya ce, kilomita ɗaya zuwa da dawowa, tana kai ka wani tafki a lungun dutsen inda jagora zai baka labarin mesa Kuniya da macijin dafi Liru yana nuna maka alamun faɗansu a jikin dutse, ga zane-zanen mutanen da a bangon kogo. In kuɗi sun yi ƙasa kuma, ma'aikatan gandun suna jagorantar hanyar Mala kyauta kullum da safe, ƙarfe takwas lokacin zafi, ƙarfe goma lokacin sanyi. Hanyar ƙafar da ta zagaye dutsen duka kilomita 10.6 ce, ka ware awa uku da rabi.

Tunda tikitin na kwana uku ne, asubar washegari ka ba Kata Tjuta, kusan kilomita 50 daga Yulara. Sunan yana nufin kawuna da yawa, manyan curarrun duwatsu ne guda 36 kuma mafi tsayinsu ya fi Uluru da kusan mita 200. In ƙafarka bata da ƙwari ka bi kwazazzabon Walpa, kilomita 2.6 ne kawai, ka riƙe hularka da kyau don iskar wurin bata wasa. Akwai kuma wata doguwar hanya ta kilomita 7.4, ita akwai hawa da gangara a kan duwatsu masu santsi, kuma duk ranar da aka yi hasashen zafi zai kai digiri 36 ƙarfe sha ɗaya na safe ake rufe mafi yawanta, don haka rana na fitowa ka shanye shayinka ku kama hanya.