Ramewar ƙafa bayan ciwon laka: kurakuran da muka tafka kafin mu gane

Ranar da na fara lura ina canza wa ƙanina wando ne, wajen wata biyu da hatsarin, sai naga cinyar da yake buga ƙwallo da ita ta zama kamar ta yaron firamare, fata ta saki, ƙoƙon gwiwa ya fito zuru-zuru. Wallahi ban ce masa komai ba, na fita waje na tsaya. Washegari muka fara abin da kowa ke farawa, man zafi, tausa safe da yamma, tawul da ruwan zafi, kowa ya zo dubiya da nasa maganin. Mun kashe kuɗi, mun ɓata watanni, ƙafar kuma sai ƙara zubewa take.

Abin da da an gaya mana tun farko da mun huta shi ne, tsoka ba ta zama da girmanta sai in tana ɗaurewa tana saki, wato tana aiki da kanta. Laka ita ce wayar da ke kai mata saƙo daga ƙwaƙwalwa, in saƙon ya yanke sai jiki ya fara kwashe naman, kuma da sauri yake kwashewa, cikin sati shida na farko ma cinya kan iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinta, kitse ya riƙa shiga tsakanin naman. Toh tausa fa ba ta sa tsoka ta ɗaure. Lanƙwasa masa ƙafa da miƙe ta da kake yi da hannunka shi ma haka, kai ne kake aikin ba tsokarsa ba. Ba wai a daina ba, a'a, kullum ne sai an motsa kowace gaɓa, ƙugu, gwiwa, idon sawu har yatsu, don kar su ƙage, amma a san amfaninsa na gaɓa ne, kar a zauna wata shida ana jiran nama ya dawo ta nan.

Ruwan zafi kuwa dan Allah a bari. Mutumin da ba ya jin ƙafarsa ba zai ce maka ya yi zafi ba. Mu sai da muka ga fatar ƙwaurinsa ta tashi ta yi ruwa sannan muka san mun ƙona shi, kuma ƙunar ta fi wata biyu ba ta warke ba, duk tsawon lokacin nan ba a iya yi masa komai a wannan ƙafar. Haka kaskon gawayi lokacin sanyi, haka ƙaho da tsaga, garin neman gira a rasa ido. Ɗan tsaga ɗaya a ƙafar da jini ba ya gudana sosai ya isa ya zama gyambo.

Babban kuskuren da na fi jin haushinsa, ba mu tambayi likita wane irin rauni ba ne. Mu dai mun ji an ce laka ta taɓu, shikenan. Alhali tambaya biyu ce za ta nuna maka hanyar da za ka bi. Ta farko, saƙon ya yanke gaba ɗaya ne ko akwai saura? Likitoci suna da ma'auni daga A zuwa E, A shi ne ba ji ba motsi har can ƙasa, C da D akwai sauran motsi. In mutum na iya ko da motsa babban yatsa ne, ko ya ɗan ɗaure cinya in an ce ya ɗaure, to wannan ɗan motsin shi ne jarinsa, kullum sai ya yi ta maimaitawa da kansa har ya gaji, kai kuma ka taimaka kaɗan kawai ya ƙarasa. 'Yan uwa saboda tausayi mu muke kashe wannan, da ya fara yunƙuri sai a ce bari in ɗaga maka. Ka bar shi ya yi gumi.

Tambaya ta biyu, a ina raunin yake? Ita laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, wajen ƙashin da ake kira L1 zuwa L2, ɗan sama da ƙugu, take ƙarewa, daga nan ƙasa jijiyoyi ne zube kamar wutsiyar doki. Wanda ya ji rauni sama da nan, yawanci jijiyar da ta tashi daga laka zuwa tsoka tana nan da ranta, shi ya sa za ka ga ƙafar tana fizga ko tana karkarwa ita kaɗai. Wanda kuma nasa ya sami waɗancan jijiyoyin na ƙasa, ƙafar laɓo-laɓo take, ba fizga ba komai, kuma ta fi saurin ramewa. Maganinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Ita fizgar nan ma mun ɗauke ta abokiyar gaba, Hajiyarmu har cewa take ko iska ce. Ashe tana ɗan riƙe nama, tunda ko ba komai tsokar tana ɗaurewa. In ta yi yawa har tana hana barci ko tana neman jefo shi daga keke, ai dole a rage ta, akwai magani irin su baclofen. Kuskuren shi ne mutum ya riƙa ƙara wa kansa ƙwaya don ƙafa ta kwanta lakwas, ko kuma ya yanke shan ta rana ɗaya don ya ji an ce fizga na da amfani, shi baclofen ba a yanke shi farat ɗaya, yana iya jawo jijjiga da ruɗewa, likita ne zai riƙa ragewa a hankali. Kuma in fizga ta ƙaru kwatsam, a fara duba fitsari, bayan gida da fata, sau da yawa wani abu ne ke damun jikin yake faɗa ta haka.

Yanzu maganar inji. Abin da aka tabbatar yana dawo da nama a ƙafar da ba ta motsi shi ne na'urar lantarki da ake liƙa wa cinya 'yan robobi, ta tura wuta daidai gwargwado tsokar ta ɗaure har ƙafa ta miƙe da kanta, a jikin injin za ka ga an rubuta NMES ko FES. A 2005 masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun gwada wa wasu maza da lakarsu ta daɗe da yankewa gaba ɗaya, sau biyu a sati, miƙe gwiwa goma-goma sau huɗu da ɗan nauyi a ɗaure a idon sawu, bayan sati 12 naman gaban cinya ya ƙaru da kashi 35 zuwa 39 cikin ɗari. Ka ji fa, sau biyu a sati, ba wai a wuni ana jona mutum da wuta ba. Mu kuwa me muka yi? Muka sayo ƙaramin injin nan na TENS da ake talla a waya, wanda na rage ciwo ne, fata kawai yake sa wa tsam-tsam, muka yi wata uku muna liƙawa muna jiran ikon Allah. Gwajin mai sauƙi ne, in ba ka ga tsoka ta taso da idonka ba, ƙafa ba ta ɗago ba, to ba a yi komai ba. Ranar da likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, ya sa masa na gaskiyar, ya riƙa ƙara wutar kaɗan-kaɗan, sai ga cinya ta murɗe, ƙafa ta taso a hankali kamar wani ne ya ja ta da zare, ƙanina ya kalle ni ya ce "Yaya, ka gani?" Na ce na gani. Ba warkewa ba ce, in an kashe injin ƙafar komawa take, amma nama kam yana dawowa.

Shi kuma mai ƙafa laɓo-laɓo, wannan injin ba zai motsa masa komai ba ko an ƙure shi, sai dai a ƙona fata. Nasa daban ne, mai wutar da kowane bugunta ke ɗan daɗewa, da manyan robobi, irin wanda ƙungiyar Dakta Helmut Kern ta yi aiki da shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma shekaru ake ɗauka ana yi. Saboda haka kafin ka tura kuɗi a kawo maka inji, kai shi sashen gashi na babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ko na Shika, a gwada a gabanka a ga ko tsokar tana amsawa.

Nauyi ma ba a fara da shi. Ƙashin ƙafar da ba a takawa yana yin shafal, musamman a shekara biyun farko, kuma wajen gwiwa ya fi, ƙarshen ƙashin cinya da farkon na ƙwauri. Akwai waɗanda ƙafarsu ta karye wajen miƙe ta da ƙarfi kawai, ko wajen sa takalmi, ba su ma ji ba sai kumburi aka gani. Don haka mai tausan nan da ke dannawa har gaɓa ta yi ƙara yana cewa jijiya ce ta kwanta zai tashe ta, a sallame shi cikin mutunci. Ana farawa ne ba nauyi, in ƙafa ta iya cika adadin ba ta gaza ba sai a ɗaura ɗan ƙunshin yashi, kuma wanda ya daɗe a zaune a nemi hoton ƙashi tukuna. Tsayuwa a katakon tsayuwa, wanda kafinta ko mai walda zai iya haɗa maka in fisiyo ya ba shi awo, tana da kyau ga gaɓoɓi da ciki, amma ita kaɗai ba ta cika cinya, kuma a tashe shi a hankali don jiri na ɗibarsu.

Wanda rauninsa ya kai T6 ko sama, wato daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya, akwai abin da duk gidan ya kamata su haddace. In ana cikin gashi ko injin nan ya ce kansa na sarawa, fuska ta yi ja, gumi na keto masa daga wuya zuwa sama, hanci ya toshe, to jininsa ne ya hau lokaci ɗaya kuma yana iya kisa. A kashe injin, a zaunar da shi kar a kwantar, a sassauta duk abin da ya matse shi, a duba robar fitsari ko ta lanƙwashe ko ta toshe, in bai sauka ba cikin 'yan mintuna sai asibiti.

Wani abin da ya taɓa ruɗin mu, wata safiya muka ga ƙafar hagu ta ciko, har aka fara hamdala. Kumburi ne. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ta yi ɗumi, musamman a wata ukun farko, ana tsoron gudan jini ne ya daskare a jijiyar jini, kuma tausa na iya tunkuɗa shi zuwa huhu. A cire hannu daga ƙafar, a tafi a yi hoto. Tun daga nan na sayi tef ɗin tela, ina auna cinya a wuri ɗaya, tsawon tafin hannu sama da ƙoƙon gwiwa, da safe kafin ya sauko daga gado, sau ɗaya a wata, ina rubutawa. Shi ma tef ɗin ba ya bambanta nama da kitse, sai ka haɗa da taɓawa.

Ga kuma abinci. Mu Hausawa in mara lafiya ya rame sai ɗura, tuwo, fura, shayi mai kauri, lemon kwalba, duk wanda ya zo da ledarsa. Mutumin da rabin jikinsa ba ya aiki bai buƙatar abinci kamar da, abin da ya yi saura tumbi yake zama, tumbin kuma kafaɗunsa ne za su ɗauka duk sanda zai hau keke, ga sikari na laɓe. A rage tuwon, a ƙara wake, ƙwai, kifi, awara, nono, gyaɗa, a raba su cikin yini ba a tara a dare ba, ya kuma riƙa motsa hannuwa da kafaɗu yana gumi. Ƙwayar ƙiban nan da ake ce wa sha-ka-fashe, wadda sau da yawa dexamethasone ce, ita ce garin neman ƙiba a samo rama na gaske, kumatu za su cika amma nama take ci, ƙashi take rarakewa, miki kuma ya ƙi warkewa.

Cinya muke ta kallo muka manta da mazaunai, alhali nan ne ramar ta fi illa, nama ya tafi ƙashi ya zauna kan fata, gyambon kwanciya ya samu ƙofa. Juyi duk awa biyu a gado, in yana keke ya riƙa karkata ko ya sunkuya gaba duk minti 15 zuwa 30, a duba wurin da madubi safe da dare. Gyambo ɗaya zai kwantar da shi watanni, kuma duk naman da aka tara da injin zubewa yake in an daina, mun gani da idonmu lokacin da cajar ta lalace muka yi sati bakwai muna jiran wata. Yanzu biyu muke ajiyewa, robobin liƙawa ma kafin su daina kamawa na riga na yi odar wasu.