Yadda iyalan waɗanda harin ta'addanci ya shafa a Sakkwato za su nemi diyya daga gwamnati

A ƙauyukan Sabon Birni, Isa, Goronyo, Rabah da Tangaza, inda ’yan bindiga da Lakurawa suka daɗe suna kai hare-hare, akan yi jana'izar wanda aka kashe a ranar da ya rasu kamar yadda addini ya koyar, sai kuma a wayi gari babu wata takarda da ke nuna yadda ya mutu. Wannan giɓi shi ne ke hana iyalai da yawa samun komai daga baya, domin hukuma ba ta fitar da kuɗi sai da shaidar da ke rubuce.

Ya kamata magada su fara sanin cewa doka tana bayansu. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin ’yan bindiga a matsayin ’yan ta'adda a watan Nuwamban 2021, ta kuma yi wa Lakurawa irin wannan hukunci a farkon 2025. Dokar Hana Ta'addanci ta 2022 ta tanadi asusun waɗanda ta'addanci ya shafa a ƙarƙashin ofishin Antoni Janar na Tarayya, domin biyan diyya. Sai dai tanadin doka daban, kuɗi a hannu daban, kuma abin da ya fi saurin isa ga jama'a shi ne tallafin gaggawa na abinci, tabarmi da kuɗin rage raɗaɗi daga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ko ta tarayya (NEMA). Karɓar tallafi bai kamata ya hana a ci gaba da neman diyya ba, saboda haka kada a sa hannu a kan wata takarda sai an karanta wa magada abin da ke cikinta.

Aikin farko shi ne kai rahoto ofishin ’yan sanda mafi kusa, a tabbatar an rubuta sunan mamacin ko wanda aka raunata, da ranar harin, da sunan ƙauyen, sannan a nemi kwafin rahoton. Idan hanya ba ta da tsaro, a bi ta hannun hakimi zuwa ga uban ƙasa, a roƙi wasiƙa mai hatimi wadda limamin da ya sallaci gawar da wasu dattawa biyu za su iya shaida. Da wannan wasiƙa ko takardar asibiti ake zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar mutuwa, a karɓi takardar shaida.

Wanda ya tsira da rauni yana da haƙƙin da mutane da dama ba su sani ba, domin wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibitoci su karɓi wanda aka harba su yi masa magani ba tare da jiran takardar ’yan sanda ba. Ko a babban asibitin ƙaramar hukuma aka kwantar da shi, ko a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a adana katin asibiti, da rasidin magani, da rahoton likita mai bayyana irin raunin da ko ya bar naƙasa. Gidan da aka ƙona, da rumbu, da shago, a ɗauki hotonsu da waya kafin a fara gyara, dabbobin da aka kora kuma a rubuta adadinsu a gaban hakimi.

Bayan babban hari, jami'an SEMA da na ƙaramar hukuma kan zo tantance ɓarna, kuma jerin sunayen da suka tattara shi ake komawa gare shi a duk rabon da zai biyo baya. Wanda ya yi gudun hijira zuwa gidan dangi a cikin gari shi ya fi fuskantar haɗarin a tsallake shi, don haka ya koma ko ya wakilta wani amintacce, ya tabbatar sunan da aka rubuta ya yi daidai da na katin NIN da na asusun banki. Bambancin harafi ɗaya tsakanin Abubakar da Bubakar na iya tsayar da biya na tsawon watanni.

Daga nan sai a rubuta takardar koke zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma da SEMA, a aika kwafi ga ɗan majalisar mazaɓa, wadda ta shafi asusun diyya na tarayya kuma a tura ta ofishin Antoni Janar. A riƙa miƙa kwafi kawai, a bar takardun asali a gida, a kuma nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin mai koke. Koken ƙauye guda da aka haɗa wuri ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi a idon hukuma. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya zai iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, musamman idan ɓarnar ta faru ne a lokacin aikin jami'an tsaro, inda ake da damar shigar da ƙara kotu.

Babu wanda ya kamata a biya kuɗi don a sa suna cikin jeri, kuma duk wanda ya bugo waya yana neman lambar sirri ta banki ɗan damfara ne. Idan kuɗin diyyar rai ya fito, dukiyar magada ce, ba ta wanda ya yi zirga-zirgar nema ba, saboda haka a kai maganar gaban alƙalin kotun shari'a ya raba bisa ƙa'idar gado, a fitar wa matar mamaci da iyayensa kasonsu, a kuma rubuta sunan wanda zai riƙe rabon marayu har su balaga.