Gyaran mallakar memori a jeri mai sarƙa na kwamfayila

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya na kod, zauna ka amsa wannan: idan an gama da nod, wato ɗaya daga cikin abubuwan da ke sarƙe a jerin, wa zai goge shi, jerin ne ko wanda ya ƙirƙiro shi? A tsohon kod amsar yawanci ita ce "ya danganta", to nan fa matsalar take, wani wuri a goge nod sau biyu wani wuri kuma kowa ya ɗauka ɗan uwansa zai goge sai memori ta yi ta yoyo.

Fara da bin duk inda aka rubuta new da delete, wato kalmomin C++ na ware memori da sakin ta. Sannan ka raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, cire nod daga jeri daban, goge shi daban. Masu LLVM, wato tarin kayan gina kwamfayila, sun yi wannan tsaf a jerin umarninsu: removeFromParent() zare umarnin kawai yake yi ya bar maka shi a hannu, eraseFromParent() kuwa zarewa yake ya goge. Suna ma da simple_ilist wanda ba ya mallakar komai, in kana so a goge sai ka kira clearAndDispose() ka ba shi mai gogewa da kanka. Ni dai wannan tsarin ya fi kwanta min, don mai karanta kod yana ganin wanda ya ɗau nauyi.

Yanzu tarkon. Tun C++11 mutane na son su mayar da next (mai nuna nod na gaba) ya zama unique_ptr, wato foyinta mai goge abin da yake nunawa da kansa, prev (mai nuna na baya) kuma foyinta zalla. Yana da kyau a ido, amma goge nod na farko zai jawo goge na biyu, na biyu ya jawo na uku, kira cikin kira, kuma istak, inda ake ajiye bayanan kowane kira, a Linux yawanci 8 MB ne, ranar da aka kawo katon fayil sai shirin ya kife. Maganin layi ɗaya ne, ka warware sarƙar da kanka:

while (head) head = std::move(head->next);

Idan kuma nod ɗin duk tare suke mutuwa, kar ka wahalar da kanka, zuba su cikin BumpPtrAllocator, mai ware memori na LLVM, a saki gaba ɗaya a ƙarshe. Sai dai ka sani ba ya kiran destructor, wato aikin da ke sakin abin da nod ya riƙe, saboda haka nod mai std::string ko vector a ciki zai yi yoyo, nan SpecificBumpPtrAllocator ake nema.

Gogewa ana cikin zagaya jeri ma wani ciwon kai ne, yi amfani da make_early_inc_range don a matsa gaba kafin a goge na yanzu, kuma ka kira replaceAllUsesWith() tukuna in har wani umarni na amfani da sakamakon wanda za ka goge.

Kar ka canza komai a komit ɗaya dan Allah. Ɗauki jeri ɗaya, ka haɗa da -fsanitize=address mai kama kurakuran memori, ka gudanar da gwaje-gwaje, in ya yi ihun heap-use-after-free, wato an taɓa memorin da aka riga aka saki, zai nuna maka inda aka ware memorin da inda aka sake ta, sai ka gyara kafin ka wuce jeri na gaba.